Ɗaki Biyu da Rumfa a Cikin Badala

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san abin da rabon gado yake yi wa gida. Gidan da a zamanin kakanni yake da zaure da shigifa da sassa huɗu ko biyar, da tsakar gidan da ake shanya hatsin shekara a cikinta, yau in ka shiga sai ka tarar an yayyanka shi da katangar bulo, kowa ya fasa ƙofarsa ta lungu. Mai gida ya rasu 'ya'ya sun raba, 'ya'yan sun rasu jikoki sun sake rabawa. Wanda Allah ya hore wa yakan sayar da kasonsa ya fita bayan gari, Rijiyar Zaki ko Ɗorayi ko Mariri, ya sayi fuloti ya ɗora bulo. Wanda bai samu hali ba ya zauna yana kallon soro na tsattsagewa, yana jiran ranar da zai tara kuɗin rushewa. Amma a ce mutum ya gyara ginin ƙasa ya ci gaba da zama a ciki, da son ransa ba don dole ba, wannan tunanin ya kusa fita daga kawunanmu.

Namu gidan ma bai tsira ba. Yana cikin wani lungu kusa da dutsen Dala, kuma da aka zo rabo bayan rasuwar mahaifinmu, ƙanwata ta tashi da kaso mafi ƙanƙanta, tunda rabon mace rabin na namiji ne. Ɗaki biyu ne na soro, da rumfa a gabansu, da guntuwar tsakar gida mai ɗaukar tabarma huɗu, sai tsohuwar rijiya da suke tarayya da sashen kusa. A lokacin haya suke yi, ita da mijinta malamin firamare da 'ya'yansu uku, a wani ciki da falo na bulo da kwano. Shawarar dangi ba ta wuce biyu ba: ko ta sayar wa ɗayanmu, ko a rushe a yi na zamani, don zamani riga ne. Su kuwa suka ce gyarawa za su yi, da irin ƙasar da aka gina shi tun farko.

Muna yara, gyaran gida aiki ne na kowace shekara kamar sharar gona. Da bazara ta kama, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ka ga jakai suna shigowa lungu da mangala cike da ƙasa daga kududdufi. A juye a ƙofar gida, a buɗa tsakiyar tulin a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, sannan a shiga da ƙafa a yi ta cuɗawa. Ba a aiki da ita a ranar. Sai ta kwana ta sake kwana, ana jiƙawa ana juyawa, har ta ruɓa ta yi danƙo tana wari, kafin magini ya yarda ya taɓa ta. Mu yara namu ɗebo ruwa ne da miƙa curi. Magini yana zaune bisa katanga, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ana jefa masa curi yana cafewa, yana mannawa yana shafewa da tafin hannu, har shatin yatsunsa ya zauna a jikin bango. Daga ƙarshe a bi da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake dakawa a jiƙa, ruwansa ya yi ja mai duhu, a kwaɓa ƙasa da shi a shafe bango da saman soro don ruwan sama ya riƙa zamewa. Masu hali kuwa laso suke yi wa rufinsu, wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Gini ɗaya ya ciyar da mai jaki da marini da majemi da matar ƙauye mai kawo ɗorawa, kuma abin da wannan sana'ar ta zubar shi waccan take ɗauka. Marinar Ƙofar Mata tana nan har gobe, sai dai masu zuwa neman katsi don laso sun yi ƙaranci ƙwarai.

Ba rana ɗaya muka juya wa ƙasa baya ba. Tun 1951, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe sabon Masallacin Juma'a na siminti a gurbin na ƙasa, ido ya fara sabawa da cewa gini mai daraja na siminti ne. Amma guguwar kanta kuɗin mai ne suka taso da ita. Ƙarin albashin Udoji ya shiga hannun ma'aikata a farkon 1975, shekarar da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a tashar Legas aka rasa yadda za a sauke su. Ga kamfanin siminti na Sakkwato yana aiki, na Ashaka kuma ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Kwano ya zama alamar arziki. Har a wajen neman aure sai ka ji ana tambaya, gidan nasu na ƙasa ne ko na bulo? Wanda ya ji kunya amma bai da kuɗin rushewa, sai ya sayi buhu uku ya yi wa bangon ƙasarsa fulasta, ya shafa fenti, daga waje a ɗauka bulo ne. Kuma tunda an yi fulasta, sai aka daina kiran magini da bazara.

A nan ne ɓarnar take. Bangon ƙasa yana shan danshi yana kuma fitar da shi. In ka rufe shi da siminti, ruwan da ya shiga ta wata 'yar tsaga a sama, ko ya taso daga gindi, ba ya samun hanyar fita. Sai ya zauna a ciki yana jiƙa tubali, fulasta tana nan sumul a ido, har ranar da za ta ɓalle gaba ɗaya ta taho da rabin bango. A daidai wannan lokaci kuma ana ta cike kududdufai ana gini a kai, su da suke shanye ruwan unguwa, lunguna kuma ana tayar da su da ƙasa da shara har daɓen tsoffin gidaje ya koma ƙasa da hanya. Da ruwan watan Agusta na 1988 ya zo, wanda ya fasa madatsar Bagauda ya kuma rusa dubban gidaje a Kano, sai kowa ya ce ai ga shi nan, ginin ƙasa ba ya jure ruwa. Abin da na gani da idona a lungunmu dai shi ne, gidajen da aka ci gaba da yi wa yaɓe, masu indararo a buɗe, yawancinsu sun tsaya. Waɗanda suka zube, ko dai an daɗe da yin watsi da su, ko ruwan lungu ya kwanta a gindinsu. Laifin sakacinmu aka ɗora wa ƙasa, kuma har yau ba a sauke mata ba.

Samun magini shi ne wahalar farko da ƙanwata da mijinta suka sha. Masu ɗora bulo sun cika gari, amma wanda ya san azara sai da aka yi cigiya har aka dace da wani dattijo da ya yi aiki a ƙarƙashin Sarkin Magina tun yana saurayi. Ranar da ya zo bai yi maganar kuɗi ba. Ya zaga ɗakunan yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, yana kasa kunne. Inda ya ji ƙarar holoƙo sai ya sa ƙusa ya yi alama. Sannan ya ɗauki 'yar guduma ya fasa fulastar bangon yamma, ya cusa hannu ya ciro ƙasa, ya danƙa wa mijin ƙanwata a tafi. Ana tsakiyar rani, amma ƙasar a jiƙe take.

"Malam, ka ji ko?" in ji shi. "Ba tsufa ne yake damunsa ba, numfashi aka hana shi."

Aka ɓamɓare simintin kaf, aka bar bango ya sha iska har ya bushe. Abin da ya bayyana a ƙarƙashi na daɗe ban ga irinsa ba: tubali jere a kan tubali, kowanne mai faɗin gindi da tsinin kai, an mulmula shi da hannu an shanya a rana, an jera shi a tsaye an cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana da kauri sosai a ƙasa, yana sirancewa in ya yi sama, shi ya sa yake ɗaukar nauyin kansa. Gindin da ruwa ya zaizaye aka tona aka yi masa dutse, nan ne kuma aka sa siminti, har zuwa gwiwa, don feshin ruwan indararo da na lungu ya daina cin ƙasar. Banɗaki da wurin wanke-wanke ma da bulo da siminti aka yi su, aka ja bututu zuwa kwata. Dattijon nan ba ya gaba da siminti. Cewa yake yi kowane abu da mazauninsa, inda ruwa yake zama kullum ba wurin ƙasa ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a sayi ƙasa mai yawa ba. Akwai wani kangon ɗaki a sashen yayanmu da ya zube tun da daɗewa. Ƙasarsa aka roƙa, aka farfasa, aka tankaɗe, aka jiƙa, aka sake kwaɓawa da ciyawa, ta koma bango. Ƙasar da kakanmu ya sa aka ɗebo ita ce dai ta sake tashi tsaye. Buraguzan bulo kuwa in gini ya rushe, iyakarsu cikon rami.

A kan rufi aka yi doguwar muhawara. Soro azara ake jerawa, wato faskaren giginya, wanda gara ba ta cika iya masa ba, a shimfiɗa zana a kai, a zuba ƙasa a daɓe. Azara ba ta ɗaukar nauyi in tazara ta yi faɗi, shi ya sa ɗakunan da ba su cika girma ba, in kuma ana son babban ɗaki sai a yi bakan gizo, a riƙa ɗora azara a kan azara ana turo ta ciki har bakunan su haɗu a sama. Ɗakin mahaifiyarmu yana da irin wannan baka guda ɗaya, kuma da aka buɗe aka tarar azara kaɗan ce ta ruɓe, wadda take daidai bakin indararon da ya toshe. Ita kaɗai aka canza. Mijin ƙanwata yana so a kafa kwano a bisa soron, a bar tazara iska ta riƙa ratsawa, don ya huta da fargabar damina. Magini yana ganin hakan zai ɓoye rawanin ginin da zankwayensa, ya mai da shi bukkar kasuwa. Daga ƙarshe aka raba: ɗakin yara aka yi masa rumfar kwano a sama, ɗakin baka aka sabunta daɓensa da makuba, aka gyara gangarensa, aka sa dogayen indararo masu zubar da ruwa nesa da bango. Ni dai ina tare da magini a wajen kyau, amma na san wanda zai hau soro duk shekara ba ni ba ne, don haka ban ga laifin Malam ba.

Sauran gyaran bai ɗauki lokaci ba. An fasa taga mai raga a kowane ɗaki tana kallon tsakar gida, saboda ɗakunan da akwai duhu, wannan gaskiya ne, kuma hayaƙin fitilar kananzir ya cuci idanun iyayenmu. An ɗora farantin sola biyu da batir ɗaya, sun isa ƙwan fitila da fanka da cajin waya. Ruwan rumfar kwano yana sauka a duro, da shi ake wanki duk damina. Murhun itace ya ba ƙaramar tukunyar gas wuri. A kusurwar rijiya ƙanwata ta dasa zogale.

Zama a ɗaki biyu da mutum biyar kuwa, sai da aka yi sadaukarwa, kuma a wuyan ƙanwata ta fi faɗawa. Kayan ɗakin da aka yi mata na aure, katafaren gado da wadirof da saitin kujeru, ko ta ƙofa ba su shiga. Kowa ya san matsayin kayan ɗaki a wajen mace Bahaushiya, su ne mutuncin iyayenta a idon dangin miji, kuma akwai uban da ya ci bashin da ya kai shi ƙasa don a cika wa 'yarsa falo. Ta sayar da su ta ƙara a kuɗin gyara. Mata sun yi magana, wasu har gaban idonta. Na tambaye ta ko abin bai yi mata ciwo ba.

"Ya yi mana, Yaya," ta ce. "Amma a gidan haya kujerun ne suke zaune a falo, mu muna waje muna neman iska."

Yanzu katifa ce da ake jinginewa da safe, da akwatuna a ƙarƙashin ɗan gadon ƙarfe, da alkuki a jikin bango inda Inna take ajiye fitila, nan littattafan yara suke. Ɗaki na barci ne da ajiya, kamar yadda yake a da. Girki da cin abinci da karatun allo da kitso da karɓar baƙi mata duk a rumfa da tsakar gida ake yin su. Gidan Bahaushe tun asali haka aka tsara shi, rabin rayuwa a ƙarƙashin sararin sama, kuma da muka kwaso tsarin falo muka rufe tsakar gida da kwano, sai muka wayi gari muna bukatar ɗakuna da yawa da wutar da za ta sanyaya su. Duk da haka ƙunci yana nan. Yara suna girma, addini ya ce a raba musu makwanci, babban ɗan ya koma kwana a zauren da duk sassan gidan suke tarayya a kansa, tare da 'ya'yan baffanninsa. In baƙi suka zo daga ƙauye da kwana, sai an roƙi ɗaki a sashen wani. Wannan roƙon yana da nauyi, amma shi ne kuma ya sa ƙofofin da rabon gado ya rufe suka fara buɗewa tsakaninmu.

Amfanin gidan ya fito fili ne bayan an cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Janareta ya gagari mai ƙaramin albashi, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta. Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, cikin zafin da aka daɗe ba a ga irinsa ba a duk yankin nan. Na sha zuwa wurinsu bayan azahar. Ka baro titi kwalta tana tururi, ka ratsa zaure, ka sunkuya ka shiga ɗakin baka, sai ka ji jikinka ya saki. Kaurin bango da na rufi yana jinkirta zafin rana, kafin ya ratso ciki yamma ta yi. Da dare kuwa bangon yakan saki abin da ya sha, ɗaki ya ɗumame, shi ya sa da bazara a tsakar gida ake kwana cikin gidan sauro, yadda iyayenmu suka yi. Da hunturu wannan ɗumin shi ake nema. A farkon shekarar 2024 ne kuma buhun siminti ya haura naira 10,000, gine-gine da yawa a bayan gari suka tsaya a linta. Masana suna cewa sarrafa siminti yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin carbon da ke ɗumama duniya, kuma mu mazauna bakin Sahara muna cikin waɗanda ɗumamar ta fi gasawa. Ƙanwata ba da wannan lissafin ta gyara ɗakinta ba. Ita kuɗin haya take gudu, da zafi, da kuma kada ɗakin Inna ya koma hannun wani.

Abin da ke min ciwo shi ne ilimin nan namu ne, kuma ba ƙarami ba ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ƙasa da azara ya tayar da bakunan Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, masana gini daga ko'ina suna zuwa kallonsu. A Yaama, cikin jihar Tawa a Nijar, Falke Barmou ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, duk a jihar ta Tawa, da aka so rushe tsohon masallaci, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara yadda aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018, kuma magina na gargajiya suna cikin masu aikin. Mu a nan, yaron da ya ce zai koyi ginin ƙasa sai a ce ya rasa abin yi.

Ba na cewa kowa ya koma soro. Birni ya cika, ƙasar gini sai an yo ta daga nesa a tifa, kuma gidan da yake bukatar hannu duk shekara bai dace da wanda ba ya zama ba. Azara ma ta yi tsada, don giginya tana daɗewa kafin ta isa sara, kuma an fi sarewa fiye da shukawa. Wannan ne ya sa tun wajen 1980 aka fara koya wa magina a Nijar rufin baka da ƙubba na ƙasa zalla, ba itace ko ɗaya. Amma dubban ɗakunan ƙasa suna nan a tsaye a cikin badala, a Zariya da Katsina da Damagaram, da yawansu ƙashinsu lafiya lau, abin da suke bukata bai kai rabin wahalar sabon gini ba. Rushe irin waɗannan don kunya kawai asara ce, kuma talaka ne yake biyanta, da bashi da kuma zafi.

Damuwar da ke gaban su ƙanwata yanzu guda biyu ce. Kwatar lungu tana toshewa da leda duk damina, ruwa yana komowa gindin katanga, kuma dutsen da aka sa ba zai yi maganin wannan shi kaɗai ba. Malam ya bi gida gida har aka amince da yin gayya a yashe ta kafin ruwan fari, wasu suna fitowa wasu suna aiko da uzuri. Ta biyun ita ce dattijon magini ƙafa ta fara gaza masa, ba ya iya hawa soro, 'ya'yansa kuma ɗaya yana tuƙa adaidaita sahu ɗaya yana kasuwar waya. Bana daga ƙasa ya tsaya da sandarsa yana ba da umarni, Malam da babban ɗansa suna sama suna shafa makuba, yana sa su sake duk inda bai yi masa ba. Ya ce yaron hannunsa yana da kyau, in za a riƙa turo masa shi ranakun Asabar da Lahadi zai nuna masa yadda ake ɗaura azara. Uwarsa ta yarda, da sharaɗin ba zai taɓa masa makaranta ba.